Maguna da yawa a gida ɗaya: yadda takura ke zama ciwo, da yadda ake duba lafiyarsu

Mage za ta shekara uku tana zuwa bahon yashin da aka ajiye mata don fitsari da bahaya ba fashi, sai rana guda a iske fitsarinta a kan darduma ko a tsakiyar katifa. Nan take mutanen gida za su ce ta lalace, ko tana huce haushin sabuwar magen da aka kawo. Sai duka, sai dangwara mata hanci a wurin, wata ma a sa ta a buhu a kai ta bayan gari. Alhali abu biyu ne suka fi zama a bayan wannan fitsari: ko mafitsararta na ciwo, ko wata 'yar uwarta ta tare mata hanyar baho. Sau da yawa duka biyun ne, domin tare hanyar ne ke jawo ciwon. Shi ya sa a gidan da ke da mage fiye da ɗaya ba a raba maganar hali da maganar lafiya. Duk canjin hali ciwo ne har sai likitan dabbobi ya duba ya ce ba shi ba ne.

Magen gida jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar da ke farauta ita kaɗai, ta ci ita kaɗai, ta tsare yankinta. Tana iya zama da 'yan uwanta idan abinci ya wadata, amma galibi da uwa da 'ya'ya ne, ko waɗanda suka tashi tare tun suna tsumma. Maguna huɗu da aka tattaro daga wurare huɗu zaman gidan haya suke yi: ba su zaɓi juna ba, ga makewayi ɗaya, ga famfo ɗaya, kuma babu mai ikon tashi. Daga wannan asali abu biyu suka biyo ta. Tana ɓoye ciwo, domin a daji wadda ta nuna rauni ita ake ci. Tana kuma gudun faɗan gaba da gaba, domin rauni ɗaya na iya hana ta farauta. Don haka rikicin maguna yawanci ba shi da ƙara, kuma mai gida zai rantse cewa nasa lafiya lau suke zaune tunda bai taɓa jin ihunsu ba.

Rashin faɗa ba shi ne shiri ba. Magunan da suka ɗauki juna 'yan uwa ana gane su da abu huɗu: suna kwana jiki na taɓa jiki, suna lasar juna a kai da wuya, suna goga kumatu da gefen jiki, kuma in sun haɗu kowace ta ɗaga jela sama su haɗa hanci. Kwanciya a gado ɗaya, wannan a kai waccan a ƙafa, kowa ya juya baya, ba ya cikin lissafi. Gadon suke so, ba juna ba. Cin abinci a jere ma haka, yunwa ce ta haɗa su. A ɗauki mako guda ana lura, a zana taswirar gidan a takarda, a rubuta inda kowace ke kwana da wadda take taɓawa. Ba abin mamaki ba ne a ga maguna huɗu sun rabu gida uku, kuma wannan rabuwar ce za a duba wajen zaɓar inda za a ajiye kayan amfaninsu.

Ita mai tare hanya ba ta kama da azzaluma. Za a gan ta kwance a bakin ƙofar ɗakin da baho yake, ƙafafu a naɗe a ƙarƙashin ƙirji, kamar mai shan iska. Ɗayar ta taho, ta yi turus da tazarar taku uku. Mai kwanciyar ba ta motsa ba, ido kawai ta kafa mata ba ƙiftawa, bakin jelarta na ɗan kaɗawa. Mai zuwan ta lashi hanci, ta juya ta lashi kafaɗarta sau biyu da sauri kamar abin da ya kawo ta ke nan, sannan ta koma inda ta fito a hankali, ciki kusa da ƙasa. Duka abin bai kai daƙiƙa 10 ba. In yana faruwa sau da yawa a yini, wannan magen ta fara riƙe fitsari, ta rage shan ruwa in kwanon ma yana can, ta koma zama a saman kwaba ko ƙarƙashin gado. Haka ake tashin wata daga wurin kwanciyarta da kallo kawai, haka ake jiranta ta shiga baho a faɗa mata tana fitowa.

Wasa kuwa yana da alamunsa. Ana karɓa-karɓa wajen kora, farata a ciki, babu ihu, kuma in an gama ana iya kwanciya kusa da juna. In kullum ɗaya ce ke kora ɗaya ke gudu, kunnuwa a manne baya, ana huci da gurnani, gashi na tashi, wannan ba wasa ba ne. A kuma sani cewa mage ba ta gama zama babba a hali sai tsakanin shekara 2 zuwa 4, don haka 'yan ciki ɗaya da suka tashi suna kwana tare suna iya ɓaɓewa a wannan tsakanin ba tare da an canza komai a gidan ba.

Inda takura ke fitowa a jiki

Mafitsara ce kan gaba. A magunan da ba su kai shekara 10 ba, fiye da rabin masu matsalar fitsari suna fama ne da kumburin mafitsara wanda ba ƙwayar cuta ko tsakuwa ce ta kawo shi ba. Jijiyoyin da ke tashi in an firgita ne suke kwana a tashe, bangon mafitsarar ya yi rauni, fitsarin ya riƙa ƙona ta. Magen za ta riƙa zarya zuwa baho, ta tsuguna ta daɗe, ta ɗiga kaɗan, wani lokacin da jini-jini, tana kuka, tana yawan lasar ƙasan cikinta. Da ta haɗa zafin da bahon, sai ta nemi wuri mai laushi ko mai sanyi, katifa ko tayil ɗin banɗaki. Ciwon kan lafa da kansa cikin kwana 5 zuwa 7, shi ya sa mutane ke ɗauka maganin kashe ƙwayoyin cutar da suka saya a kemis ne ya yi aiki, alhali ƙalilan ne daga cikin ƙananan maguna ke da ƙwayar cuta a fitsari. Bayan 'yan watanni ya dawo, domin abin da ya kawo shi yana nan kwance a bakin ƙofa.

Masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun nuna ƙarfin wannan a wani aiki da aka buga a 2011. Sun bi maguna 32, masu wannan ciwo 20 da lafiyayyu 12, sama da shekara guda. A makonnin da aka canza musu mai kula da su ko lokacin abinci, amai da ƙin ci da yin bahaya a wajen baho sun ninka wajen sau uku, har a lafiyayyun. Canjin da mu ba ma ɗauka komai ba ke nan. A kwatanta da ranar biki ko suna, gida cike da baƙi, yara na bin mage a guje, an kwashe bahonta an kai bayan ɗaki don kada baƙi su gani.

A muzuru abin na iya zama na rai da mutuwa. Hanyar fitsarinsa siririya ce kuma doguwa, majina da ɗan yashin fitsari suna iya toshe ta gaba ɗaya. Zai riƙa tsuguno yana nishi ba abin da ke fita, da yawa su ɗauka bahaya ce ta ƙi. Mafitsarar ta cika ta yi tauri a ƙasan ciki, guba ta taru a jini, sinadarin fotashiyam ya hau har ya dagula bugun zuciya. Daga nan sai amai, sai jiki ya yi sanyi, kuma yana iya mutuwa cikin kwana 2 zuwa 3. Muzurun da aka ga yana nishi babu fitsari ba ya jiran gari ya waye. Kada a matsa cikin da hannu, kada a ɗura masa komai, a kai shi asibitin dabbobi a sa masa siririn bututu a buɗe hanyar.

Akwai kuma fitsarin da ba na ciwo ba, na shata iyaka. A nan magen a tsaye take, ta juya baya ga bango ko labule ko ƙofa, jela a miƙe tana karkarwa, ta fesa kaɗan a tsayin kamar taƙi guda daga ƙasa. Wurin da ta zaɓa shi ke faɗin damuwarta. In kusa da taga ne ko ƙofar waje, baƙon muzurun da ke bin katanga ne ya dame ta. In a lungun da ake haɗuwa ne cikin gida, rikicin na cikin gida ne. Fiɗiya na kawar da wannan ko ta rage shi sosai a wajen kashi 90 cikin 100 na muzurai. Waɗanda suka ci gaba bayan fiɗiya kusan kullum takura ce.

Murar maguna ma tana bin takura. Yawancin waɗanda suka taɓa kamuwa da ƙwayar cutar hafis ta maguna, ɗaya daga cikin masu kawo wannan mura, suna ɗauke da ita a kwance har abada, kuma tana farkawa kamar mako guda bayan tashin hankali, ƙaura ko haihuwa ko zuwan sabuwa: atishawa, ido na hawaye, ɗaya a runtse. Yawan lasa har gashin ciki da cinyoyi ya zube kuwa a yi hattara da saurin ɗora shi kan damuwa. A wani bincike na 2006 a Kanada, cikin maguna 21 da aka kai da zargin damuwa ce ke sa su tsige gashi, 16 ƙaiƙayi ne na ciwo, yawanci abincin da jikinsu bai karɓa ba, 2 kacal ne damuwa zalla. A fara da neman ƙuma da makero tukuna. Makeron ma yana kama mutane, musamman yara.

Ƙin cin abinci ba a yi masa haƙuri. Mage, musamman mai ƙiba, in ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba, kitse na iya taruwa a hantarta, dasashi da farin ido su koma ruwan ɗorawa. Wadda ta wuni ta kwana ba ta taɓa abinci ba a nemi likita. Akasin haka ma alama ce: mai haɗiye abinci da gaggawa tana waige, ta amayar da shi bayan minti biyar, tsoron wata ne ke korar ta.

Hanyar kuma tana juyawa, ciwo ya haifi faɗa. Tsohuwar mage mai ciwon gaɓɓai ba ta son a faɗa mata da wasa, sai ta fara huci ga wadda suka shekara takwas suna kwana tare. Wannan ciwo ya fi yawa fiye da yadda ake zato: a wani bincike na 2002 a Amurka, hoton ƙashi ya nuna lalacewar gaɓɓai a 90 daga cikin maguna 100 da suka haura shekara 12. Ba ta ɗingishi kamar kare. Daina hawa taga take yi, ko ta tsaya jim kafin ta diro, ko gashin bayanta ya cukurkuɗe don ba ta iya lanƙwasawa ta lasa. Ciwon haƙori ma na sa faɗa. Marar lafiya kuma ƙamshin jikinta na canzawa, sauran su fara tsangwamarta. Saboda haka in rikici ya ɓarke ba gaira ba dalili, duka biyun ake kaiwa a duba, mai cin zalin da wadda ake ci.

Dubawar gida

Wahalar gidan maguna da yawa ita ce kwano ya ƙare amma ba a san wa ya ci ba, an ga amai ba a san na wa ba. Maganinta sikeli da littafi. A auna kowace sau ɗaya a wata da sikelin jarirai, ko a hau sikeli da ita a hannu sannan a cire nauyin mutum, a rubuta a shafinta. Babbar mage kan kai kilo 3.5 zuwa 5. Ragin giram 200 a mai kilo 4 kashi 5 ne cikin 100 na jikinta, ido ba zai gani ba saboda gashi, amma ya isa a kira likita.

Sau ɗaya a mako a bi jikin da hannu daga kai zuwa jela. Haƙarƙari ya kamata a ji shi da ɗan dannawa kaɗan, ba a gan shi ba. A nemi kumburi mai ɗumi a kumatu, wuya, da gindin jela: cizon mage ƙaramin rami ne da ke rufewa a sama, ya tara ruwa a ƙasa, ya zama ƙurji bayan kwana 2 zuwa 4. A ɗaga leɓe, dasashi ya zama ja-ja mai haske da danshi; in an danna da yatsa launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Fari fat, ruwan ɗorawa ko shuɗi-shuɗi duk na asibiti ne. Numfashi a ƙirga shi tana barci, tashi da saukar ƙirji ɗaya ne, a ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Ya kasance ƙasa da 30 a minti. Mage ba ta haki da baki buɗe kamar kare, in ta yi haka tana hutawa gaggawa ce. Ruwan da take buƙata wajen mililita 50 ne ga kowane kilo a rana, har da na cikin abinci. In tsohuwa ta koma zaman bakin famfo, yashin baho na jiƙewa sharkaf, ƙoda ko suga ake zargi.

In ba a san mai fitsarin ko mai gudawar ba, a jingina tsohuwar waya tana ɗaukar bidiyon wurin. Ya fi kulle su ɗaya bayan ɗaya, domin kullewar kanta na iya tsayar da matsalar a rasa gane mai ita.

Zuwa asibiti da dawowa

Lafiyayyar babbar mage sau ɗaya a shekara, wadda ta haura shekara 10 duk wata 6. Asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha da masu zaman kansu suna yin dubawar yau da kullum. Gwaje-gwaje masu zurfi akwai asibitocin koyarwa na jami'o'i irin na Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Likita zai auna nauyi da zafin jiki, wanda daidai ɗinsa digiri 38 ne zuwa 39 da ɗan kai, ya saurari zuciya da huhu, ya duba haƙora da kunne da ido, ya lalubi ƙoda da mafitsara, ya taɓa ƙullin nan na wuya wanda kumburinsa a jikin mutum ke kawo maƙoƙo. In ƙullin ya yi aiki fiye da kima tsohuwar mage za ta riƙa ci kamar me tana ramewa, ga masifa da kukan dare. Daga shekara 7 ya kamata a fara haɗawa da gwajin jini da na fitsari da awon hawan jini, domin ciwon ƙoda ya yi yawa a tsofaffin maguna, hawan jini kuma yana makantar da su farat ɗaya. A je da littafin nauyi da bidiyon halin da ake ƙorafi a kai, domin a kan teburin likita ba za ta nuna shi ba.

Riga-kafin cututtuka uku, wato murar maguna iri biyu da cutar amai da gudawa mai karkashe ƙanana, ana fara shi a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har su kai mako 16, a ƙara kafin ko a cikar shekara, daga nan likita ya tsara. Na haukan kare daga mako 12, kuma a ƙasashenmu da cutar ke nan daram ba a wasa da shi. Wanda mage ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya tafi asibiti. Duk sabuwar da za ta shigo a yi mata gwajin jini na FeLV da FIV, cututtuka biyu masu karya garkuwar jikin mage. Ta farko na bin yawu da kwano da lasar juna, ta biyu cizo, kuma ba sa kama mutum. In tsintuwa ce daga titi a maimaita gwajin bayan kwana 60. Maganin tsutsar ciki da na ƙuma kuwa duk gidan ake yi wa rana ɗaya, masu fita waje duk wata 3 ga na tsutsa, in ba haka ba wadda aka bari za ta mayar wa sauran.

Tsoro na ɓata sakamakon gwaji. Firgitacciyar mage sugan jininta na hawa har ya yi kama da na mai ciwon suga, jininta ya hau, zuciya ta yi gudu. Shi ya sa shirin tafiya ba ƙawa ba ne. Kejin ɗauka ya zauna a ɗaki a buɗe tun mako biyu kafin ranar, da tsumman da take kwana a kai a ciki, ana jefa ɗan nama lokaci-lokaci. Wanda ake iya cire rabinsa na sama ya fi, don likita ya duba ta tana zaune a ƙasan ba sai an zazzago ta ba. Kowace da kejinta, ko da masu shiri ne, domin a firgice mage na iya afka wa ta kusa da ita. A rufe da tawul, a tallabo ta ƙasa kada a riƙa lilo da shi, a fita da sassafe lokacin bazara, kada a bar shi a rufaffiyar mota ko na minti biyar. A asibiti a ɗora shi a benci nesa da karnuka, ba a ƙasa ba. Ga mai tsananin tsoro likita na iya rubuta gabafentin, wani magani mai kwantar da hankali, yawanci miligiram 50 zuwa 100, a ba ta kamar awa biyu kafin fita. Ana rage shi ga mai ciwon ƙoda, kuma tana iya yin tangaɗi na wasu sa'o'i, a hana ta hawa sama.

Dawowa gida ita ce inda aka fi yin ɓarna. Maguna da hanci suke gane juna, kuma masu shiri suna da ƙamshi ɗaya da suka haɗa ta goge-goge. Wadda ta dawo tana warin magani da safar hannu da karnuka baƙuwa ce a wurin sauran, balle in maganin barci bai sake ta ba tana tafiya a karkace. 'Yar uwarta ta jini za ta iya tarar ta da huci da mari, kuma faɗa ɗaya mai tsanani ya isa ya rusa shirin shekaru. A wuce da ita kai tsaye wani ɗaki mai ruwa da abinci da baho, ta yi wasu sa'o'i, in an yi mata aiki ko ta kwana a can to aƙalla kwana guda. A ba ta shimfiɗar da sauran suka kwana a kai. A ɗauki ƙyalle mai laushi a goga a kumatun na gida, a shafa mata a gefen jiki. Sannan a ɗan buɗe ƙofa faɗin yatsu biyu a ga yadda za su yi. In shinshina ce kawai, a sake su ana kallo. In huci ya tashi, a rufe a ƙara kwana. In faɗa ya riga ya kaure, kada a sa hannu. A zura kwali ko a jefa bargo mai kauri tsakaninsu, a raba su ɗaki daban har kwana ɗaya ko biyu, domin jinin mage na daɗewa bai sauka ba. Masu shiri sosai ya fi a kai su rana ɗaya su dawo da wari ɗaya.

Gyaran gidan

Ƙa'idar baho ita ce adadin maguna a ƙara ɗaya: uku, baho huɗu. Amma huɗu a jere a lungu ɗaya baho ɗaya ne a idon mage, kuma mai tare hanya ɗaya ta ishe su. A warwatsa su ta yadda ba za a iya tsare biyu daga wuri ɗaya ba, kowanne da hanyar fita biyu, nesa da abinci da janareta. Tsawonsa ya kai tsawon magen daga hanci zuwa gindin jela sau ɗaya da rabi. Babbar robar wanki ta fi yawancin na kanti. Ga tsohuwa a yanke gefe ɗaya ya yi ƙasa. Yashi mai laushi, busasshe, tankaɗaɗɗe, marar turare, zurfin santimita 3 zuwa 5. A kwashe ƙazanta safe da yamma, a zubar da duka a wanke aƙalla mako-mako. Matar gida mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin saboda wata ƙwayar cuta da ke bin kashin mage tana iya taɓa ɗan tayi.

Abinci kowace da kwanonta a inda ba ta ganin ɗayar, ko da kwali ne aka gitta. Ƙanana sau huɗu ko biyar ya fi babba sau ɗaya, kuma a tsare lokacin. Ruwa a wurare da dama, ba kusa da abinci ba, a faffaɗan kwano cike har baki. Ga mai ciwon mafitsara abinci mai ruwa-ruwa ya fi busasshe. A samar da wuraren hawa, kanta ko saman kwaba, da kwalaye masu ƙofa biyu don kada a ritsa wata a ciki. Wasa da igiya mai gashin kaza minti 5 zuwa 10 sau biyu a rana yana sauke ƙarfin mai kora. Ana sayar da irin su Feliway masu kwaikwayon ƙamshin kumatun mage. Suna ɗan taimaka wa wasu, amma ba sa maye gurbin baho na huɗu. Duka da tsawa da watsa ruwa kuwa ƙara takurar suke yi, su kuma sa magen ta ji tsoron mai gidan.

Wurin da aka yi fitsari a tsane shi, a wanke da omo mai enzayim, wato sinadarin da ke narkar da ƙazanta, kashi ɗaya cikin ruwan ɗumi kashi tara, a ɗauraye, ya bushe, sannan a ɗan fesa sifirit. Abin wanki mai amoniya warinsa na kama da fitsari, gayyata ce ta sake yi. Izal da Dettol kada su taɓa baho ko inda take takawa a jiƙe, domin za ta lashe tafinta kuma hantarta ba ta iya sarrafa irin sinadarinsu. Wannan raunin hantar ne ya sa farasitamol guba ne gare ta: ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 na iya kashe babbar mage, fuska da tafuka su kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Maganin ƙumar kare da aka rubuta permethrin a jikinsa yana sa ta karkarwa da farfaɗiya, ko da jikin karen kawai ta goga. Fiya-fiya da shinkafar ɓera ma a nisanta su.

Sabuwar mage, ko tsofaffin da suka ɓata, hanya ɗaya ake bi. Mako biyu a ɗakinta ita kaɗai, wanda ya zama killacewar lafiya kuma. Ana musayar shimfiɗa kullum har kowace ta shinshina ta wuce ba huci. Sai a bar ta ta zaga gidan an rufe sauran. Sai ganin juna ta raga ko ƙofa a ɗan buɗe na 'yan mintoci, kowace na wasa ko cin ɗan abin marmari daga nesa. Sai haɗuwa ana kallo, ana ƙara lokacin a hankali. Duk matakin da ya kawo huci a koma na bayansa. Wasu mako biyu zuwa uku, wasu wata uku ko fiye, kuma abin da ake nema su iya wuce juna ba tare da ɗaya ta canza hanya ba, ba lalle su kwana tare ba.

Wani lokacin duk an yi, likita ya duba, har ya ba da maganin kwantar da hankali na watanni, amma ɗaya na nan a saman kwaba tana ramewa, mafitsara na tashi duk bayan 'yan makonni. A nan zaɓi biyu ne: a raba gidan dindindin da ƙofa a rufe, kowane ɓangare da kayansa cikakku, ko a nema wa ɗaya gidan da za ta zauna ita kaɗai. Wadda za ta tafi a haɗa ta da katin riga-kafinta da littafin nauyinta da shimfiɗarta ba a wanke ba, a gaya wa sabon mai ita abincin da ta saba da lokacinsa, ya riƙe ta a ɗaki ɗaya 'yan kwanaki, kuma kada ya bar ta ta fita waje kafin mako uku, in ba haka ba za ta kama hanyar tsohon gida.